Yadda Ƙaramar Hukuma Za Ta Tsara Aikin Hana Kashe Kai a Jos

Ranar 10 ga watan Satumba ta kowace shekara ce aka keɓe domin yaƙi da kashe kai a duniya, tun daga shekarar 2003, kuma abin da aka saba gani a wannan rana shi ne a buga riguna da huluna, a yi tattaki a kan titi, a karanta jawabi, a raba lemo, sannan kowa ya kama gabansa. Babu laifi a cikin hakan, sai dai matashin da ya shafe watanni ba ya samun barci a wani ɗaki a Gangare, ko matar da bashi ya yi wa katutu a Bukuru, ba sa cikin masu tattakin, kuma ko labarinsa ya iso musu ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa washegari ba. Wannan jagora ta shugabannin ƙananan hukumomin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da Jos ta Gabas ce, da kansilolinsu, da ma'aikatan sassan lafiya da walwalar jama'a, da masu unguwanni. Aikin da ke kansu shi ne su shimfiɗa hanya tun daga mutumin da ya fara lura cewa wani yana cikin mawuyacin hali har zuwa ma'aikacin da zai iya yi masa magani, sannan su tabbatar ana bibiyarsa bayan ya koma gida. Wayar da kai yana zuwa ne a bayan wannan, domin kiran jama'a su nemi taimako alhali ba a tanadi inda za su same shi ba kamar a yi shelar walima ne ba a ɗora tukunya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma idan aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne ke kan gaba. A Najeriya an samu sauyi a matakin tarayya: a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma a shekarar ce Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da tsarin hana kashe kai na ƙasa na 2023 zuwa 2030. Amma abubuwan da tsarin yake buƙata a aikace, da yawansu a hannun ƙaramar hukuma suke. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa mata kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da rajistar haihuwa da mutuwa, ya kuma ba ta rabo a harkar lafiya da ilimin firamare. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, uzurin cewa wannan aikin jiha ne ya rage ƙarfi.

A fara da sanin halin da ake ciki

Abu na farko shi ne a ɗora nauyin a kan mutum ɗaya a sashen lafiya, wanda za a san shi da suna, a rubuta masa aikin a takarda, a kuma ware masa layi a kasafin kuɗi ko da kaɗan ne. Kwamitin da zai mara masa baya kada ya yi girma. Wakilin asibitocin sha-ka-tafi, da jami'in walwalar jama'a, da liman ɗaya da fasto ɗaya, da wakiliyar mata, da wakilin matasa, da jami'in 'yan sanda sun isa, kuma a nemi haɗin kan hukumar kula da lafiya matakin farko ta jihar Filato tun daga farko, tun da ma'aikatan da za a yi aikin da su suna ƙarƙashin kulawarta. Babban kwamiti alawus yake ci.

Daga nan sai a buɗe rajista. Yawancin waɗannan mace-macen ba sa shiga lissafin kowa, saboda iyali suna jin kunya, suna tsoron hukuma, kuma ana yin jana'iza cikin sa'o'i kaɗan a ce gajeruwar rashin lafiya ce. Don haka ba da adadin waɗanda suka rasu za a fara ba, za a fara ne da waɗanda aka kai asibiti bayan sun yi yunƙuri. A roƙi kowane asibitin sha-ka-tafi, da sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da asibitin Jankwano, su riƙa bayar da adadi kowane wata: shekarun mutum, namiji ne ko mace, mazaɓarsa, da nau'in abin da ya yi amfani da shi. Ba a rubuta suna, ba a rubuta lambar gida. Bayan wata shida jami'in zai fara ganin inda matsalar ta fi nauyi, ko 'yan mata ne ƙasa da shekara 20, ko magidanta ne a lokacin biyan kuɗin makaranta, ko manoman lambu ne. Gargaɗi ɗaya ya shafi Jos musamman: kada a taɓa fitar da waɗannan alƙaluma bisa addini ko ƙabila ko sunan unguwa, domin a garin da unguwanni suka rabu bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, ba a rasa wanda zai mayar da su abin gori a Facebook.

Hanyar da za a bi da mutum

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200, saboda haka ba zai yiwu a ce kowane mai damuwa sai ya ga ƙwararre ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri mai suna mhGAP domin irin wannan yanayi, wanda yake koya wa nas-nas da ma'aikatan lafiya na unguwa yadda za su gane ciwon damuwa, da shaye-shaye, da taɓin hankali, da haɗarin kashe kai, su yi maganin abin da za su iya, su tura abin da ya fi ƙarfinsu. Jos tana da sa'ar da garuruwa da yawa ba su da ita, domin asibitin koyarwa yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da likitocinsa. Shugaban ƙaramar hukuma ya rubuta wa hukumar asibitin ya nemi abu uku: su horar da aƙalla ma'aikata biyu daga kowane asibitin sha-ka-tafi, su ba da likita ko nas da za a iya kira a waya idan lamari ya rikice, su kuma riƙa kai ziyarar duba aiki lokaci-lokaci. Horo na mako ɗaya wanda ba a biyo shi da ziyara ba yana gushewa cikin 'yan watanni, kuma dalilin horar da mutum biyu shi ne kada sauyin wurin aiki da hutun haihuwa su rufe ƙofar gaba ɗaya.

A kowane asibiti a samar da ɗaki, ko da ƙarami ne, wanda za a iya rufe ƙofarsa. Babu wanda zai faɗi abin da ke zuciyarsa a kan bencin da maƙwabciyarsa take jiran awon ciki. Kada kuma a rataya wa ɗakin allo mai ambaton taɓin hankali, domin daga ranar ba mai sake shigarsa. A saka magungunan ciwon damuwa cikin jerin waɗanda ake sayowa, amma a umurci ma'aikaci ya riƙa bayar da na 'yan kwanaki kawai ga wanda ake tsoron halinsa, a damƙa su a hannun wani ɗan uwansa.

Sannan a dubi kuɗin mota. Da yawan waɗanda ake turawa babban asibiti ba sa zuwa, saboda babu kuɗin keke, babu mai rakiya, kuma takardar da aka ba su ba ta ɗauke da sunan kowa. Ƙaramin asusu da aka ware domin kuɗin mota da kati, da ma'aikaci ɗaya da zai buga waya ya ce ga wance nan tafe, sun fi allunan talla goma amfani. Waɗanda ba su da hali a taimaka musu su shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato bibiya. Babu alamar haɗari da ta kai yunƙurin baya ƙarfi, kuma makonnin farko bayan sallama daga asibiti su ne mafi tsanani. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe biyar, wato Brazil da Indiya da Sri Lanka da Iran da Sin, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna cewa zama ɗaya na bayani kafin sallama, tare da kiran waya ko ziyara a kai a kai na tsawon wata 18, ya rage mace-mace sosai a tsakanin waɗanda suka taɓa yunƙuri. Wannan aiki ne na katin waya da littafin rubutu. A sa doka cewa duk wanda aka sallama za a kira shi cikin kwana uku na farko, sannan kowane mako na tsawon wata ɗaya, sannan kowane wata, da izininsa, kuma a lambar da shi ya zaɓa.

Waɗanda mutane suke zuwa wurinsu tun farko

Mai damuwa ba asibiti yake fara nufa ba. Yana zuwa wurin liman ko fasto, ko mai kemis ya nemi maganin barci, ko mai ruƙiyya, ko ya zauna a majalisa ya yi shiru. Mace kuma takan furta ne a wurin mai kitso, ko uwar adashi, ko malamar Islamiyya, ko ungozomar da ta karɓi haihuwarta. Waɗannan su ne za a horar, tare da shugabannin 'yan keke da na tashoshin mota, da shugabannin 'yan kasuwar Farin Gada da Katako, da 'yan sintiri. Horon wuni ɗaya ya isa, a yi shi da Hausa, mata daban a ƙarƙashin jagorancin mata, kuma a faɗa musu tun farko cewa ba likitoci ake son su zama ba. Abu huɗu ake so su iya: su lura, su tambaya, su saurara, su raka.

Abin lura yana cikin magana da kuma hali. Mutum yakan ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu ya huta, ko ya zame wa mutane kaya, ko ya riƙa neman gafarar kowa ba tare da ya yi niyyar tafiya ko'ina ba. Yakan daina zuwa majalisa ko masallaci ko coci, ya daina wanka da cin abinci, ya rarraba kayansa, ya ƙara shaye-shaye. Wanda ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam aka gan shi cikin natsuwa ba tare da matsalarsa ta warware ba, shi ma abin sa ido ne. A ƙara kulawa da wanda wani babban abu ya faɗa wa kwanan nan: saki, ko auren dole, ko karyewar jari, ko faɗuwa jarrabawa, ko tonon asiri a intanet, ko rasuwar wani nasa, ko mai jegon da ta daina sha'awar jaririnta tana yawan kuka.

Tambayar ce take yi wa mutane nauyi, saboda an ɗauka cewa ambaton abin zai cusa shi a zuciyar wanda bai yi tunaninsa ba. Bincike ya nuna ba haka ba ne, kuma mafi yawan waɗanda aka tambaya sauƙi suke ji. A keɓe da mutum, a zauna, a fara da abin da aka gani. Mai unguwa zai iya ce wa matashi: "Ɗana, na ga kwana biyu ba ka fitowa, kuma na ji abin da ka faɗa wa abokanka. Ka gaya mini gaskiya, tunanin kashe kanka yana zuwa maka?" Uwar adashi kuma za ta iya cewa: "'Yar uwa, na ga kin rame, ba ki da walwala. Ni da ke ne a nan. Kin taɓa jin kamar ki raba kanki da duniya?" Idan amsar ta zama e, kada a yi salati da ƙarfi, kada a yi faɗa, kada a ce ai wane ya fi ka shiga uku bai yi haka ba, kada kuma a fara wa'azin wuta. A bar shi ya yi magana har ya gama. Sannan a tambaye shi ko ya riga ya shirya yadda zai yi da lokacin da zai yi, domin wanda ya shirya yana cikin haɗari na gaggawa. Irin wannan ba a barinsa shi kaɗai ko na ɗan lokaci, ana kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga gidan, ana kai shi asibiti a ranar, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Kada a yi masa alkawarin rufe sirri gaba ɗaya. A ce masa: "Ba zan yaɗa maganarka ba, amma ba zan riƙe ta ni kaɗai ba. Wa ka yarda da shi mu kira?" Ɗaure mutum da mari ko kulle shi a ɗaki ba kariya ba ce, ƙarin azaba ce.

Wanda haɗarinsa bai kai haka ba, ma'aikacin lafiya ya zauna da shi su rubuta ɗan tsari a takarda guda: alamomin da yake gane cewa duhun yana dawowa, abin da yake sanyaya masa rai, mutum biyu ko uku da zai kira, da lambar asibiti. Akwai darasi a Zimbabuwe, inda likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma gwaji ya tabbatar da cewa hakan yana rage ciwon. Dattijai mata masu riƙe sirri ba su yi ƙaranci a Anguwan Rogo ko Tudun Wada ba.

Mumbari da majami'a

A Jos babu saƙon da zai yi nisa idan malamai da fastoci ba su ɗauke shi ba, saboda haka a zauna da Jama'atu Nasril Islam, da shugabannin Izala da na ɗariƙu, da ƙungiyar Kiristoci ta CAN, kafin a buga takarda ko ɗaya. Ba a neman kowa ya sauya hukuncin addininsa. Haramcin kashe kai sananne ne, kuma yana daga cikin abubuwan da suke riƙe mutane da yawa. Abin da ake roƙo shi ne a haɗa hukuncin da jinƙai, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta haɗa su, inda bayan hani ga kashe kai ta rufe da cewa Allah Mai jinƙai ne gare ku. A cikin Littafi Mai Tsarki kuma, lokacin da annabi Iliya ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa saboda gajiya, abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci. Mai ciwon damuwa yana iya zama mai yawan ibada, kuma idan ya ji daga mumbari cewa halin da yake ciki raunin imani ne, abin da zai yi shi ne ya ƙara ɓoyewa. Huɗuba ɗaya da liman zai ce damuwa mai tsanani ciwo ce kamar hawan jini, tana da magani, kuma addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, tana buɗe bakin mutanen da ma'aikacin lafiya ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Masu ruƙiyya da masu addu'ar warkarwa ma kada a ɗauke su abokan gaba. A nuna musu alamomin da idan sun gani za su tura mutum asibiti, su ci gaba da tasu addu'ar.

Maganin ƙwari

A nan ne ƙaramar hukuma take da iko kai tsaye, kuma a nan ne hujjar bincike ta fi ƙarfi. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kashe kai a duniya ta hanyar shan maganin ƙwari ne, kuma da yawa daga ciki ba shiri ne na dogon lokaci ba, ɓacin rai ne na 'yan mintuna bayan faɗa a gida, wanda da abin bai kasance a kusa ba da ya wuce. Ƙasar Sri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi haɗari, adadin kashe kai ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai durƙushe ba. A Najeriya hukumar NAFDAC ta hana sayar da wasu daga cikin irin waɗannan magunguna a ƙananan kwalabe da tallarsu a kasuwa tun 2019, amma doka ba ta zagaya kasuwa da ƙafarta. Filato jihar noma ce, ga lambun kabeji da karas da tumatir a gefen tsofaffin ramukan kuza, ga dankalin Turawa, saboda haka maganin feshi yana ko'ina, har a ƙarƙashin gado, wasu kuma suna fesa na gona a ɗaki domin sauro da kuɗin cizo.

Jami'an duba-gari da shugabannin kasuwa su haɗa kai da NAFDAC a hana ɗura maganin a kwalaben da ba nasa ba da sayar da shi a tire. Masu shagunan kayan noma a yi musu rajista, a koya musu kada su sayar wa yaro, ko wanda yake cikin maye, ko wanda ya zo a firgice bai ma san amfanin gonar da zai fesa wa ba. Malaman gona su riƙa gaya wa manoma su sayi daidai buƙata, su ajiye a akwati mai kwaɗo nesa da ɗakin kwana. A kuma yaɗa bayanin taimakon farko, domin al'adar ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara, ko tilasta masa amai, tana iya tura abin cikin huhu ta kuma cinye lokaci. A kwantar da shi a gefensa, a cire tufafin da maganin ya jiƙa, a ɗauki kwalbar, a garzaya asibiti.

Rediyo da waya

Sai an kammala waɗannan ne ake fita shela, kuma kowace sanarwa ta ƙare da sunan asibiti da ranar zuwa da lambar da wani zai ɗauka. A gwada lambar da daddare kafin a buga ta. A zauna da gidan rediyo da talabijin na jiha da tashoshin FM masu zaman kansu, da masu manyan shafuka a Facebook da masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwanni, a cimma matsaya: ba a bayyana hanyar da mutum ya bi, ba a sa hoton gawa ko wasiƙar da ya bari, ba a danganta mutuwar ga dalili guda kamar a ce saboda budurwa ko saboda jarrabawa, domin mai irin wannan matsalar da yake karantawa zai ga kamar an nuna masa mafita. Labarin da yake da amfani shi ne na wanda ya shiga ƙunci ya nemi taimako ya fita, idan ya yarda a ba da shi.

Doka da 'yan sanda

Sashe na 231 na kundin dokar laifuka na Penal Code da Arewa ta gada ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma sashe na 327 na kundin Criminal Code na Kudu ma ya mai da shi laifi. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023, gwamnatin tarayya ma ta bayyana aniyar yin haka. A ganina tsoron wannan doka ya fi dokar kanta ɓarna, domin shi ne yake sa iyali su ɓoye mutum a gida suna ba shi manja maimakon su kai shi asibiti. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon sauya doka, amma shugabanta zai iya zama da DPO-DPO na yankinsa a fahimci juna cewa asibiti ne zangon farko, majalisar kansiloli kuma za ta iya aika ƙudurinta ga majalisar dokokin jiha.

Makaranta, ƙwaya da bashi

A kowace sakandare a samu malami ɗaya da malama ɗaya da aka horar, a ƙara sa ido lokacin fitowar sakamakon WAEC da JAMB. Koya wa ɗalibai yadda za su shawo kan fushi da warware saɓani da neman taimako ya fi tara su a fili a yi musu lacca a kan kashe kai. Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma maye yana kawar da birkin da yake hana mutum aikata abin da zuciyarsa ta raya masa, don haka matashin da yake shan ƙwaya yana buƙatar a yi masa waccan tambayar ta ko yana tunanin kashe kansa, ba kamu kaɗai ba. Bashi kuma, musamman na manhajojin waya masu aika wa dangin mutum saƙon cin mutunci, da cacar ƙwallo, sashen walwala ya san kwamitocin zakka da asusun taimako na coci-coci da zai iya haɗa mutum da su, ya kuma san cewa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya tana karɓar ƙorafi a kan masu ba da bashin.

Bayan an yi rashi

Duk ƙoƙarin da aka yi, wata rana za a yi rashi, kuma abin da aka yi a makon ya shafi rayukan waɗanda aka bari, domin su ma haɗarinsu ya ƙaru. Mai unguwa da liman ko fasto su je ta'aziyya kamar yadda ake zuwa kowace, su hana tsegumi da ɗaukar hoto. Mafi yawan malaman Musulunci suna kan cewa ana yi wa mamacin wanka da salla a binne shi a maƙabartar Musulmi, kuma yana da kyau limamai su bayyana hakan tun kafin buƙata ta taso, don kada a yi gardama a gaban iyaye. Bayan an share makoki, ma'aikacin lafiya ya ziyarci gidan cikin sirri, ya sake komawa bayan sadakar arba'in ko bayan wata guda, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa, ya duba musamman wanda ya fara ganin gawar da wanda ya yi saɓani da mamacin a kwanakinsa na ƙarshe. Idan ɗalibi ne, a sanar da ajinsu cikin gajerun kalmomi ba tare da bayanin yadda abin ya faru ba, a ware abokansa na kusa a zauna da su ɗaya bayan ɗaya, a kuma sanar da iyayensu abin da za su lura da shi a gida. Ma'aikacin da yake bibiyar mamacin shi ma a zauna da shi, a duba fayil ɗin tare domin a ga inda hanyar ta yanke, ko a kuɗin mota ne, ko a kiran waya, ko a ƙarewar magani, a gyara wurin kafin zaman kwamiti na gaba.